Ƙarshen damina a Kafin Hausa: Garaɓasar da mata ke dafawa amma ba su cika morarta ba

Daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, duk wanda ya bi hanyar Dutse zuwa Kafin Hausa zai ga ƙasar ta sauya kama. Jigayin da suka yi fari fat da rani sun rufe da gero da dawa da riɗi, fadamu sun cika da ruwa da shinkafa, iska kuma ta yi sanyi.

Wannan ne lokacin da gero ke fitar da kai, masara ta nuna, ganye ya wadata har a bakin hanya. Amma kuma shi ne lokacin da hatsin bara ke ƙarewa a rumbu, sauro ya yi yawa, aikin gida da na gona ya ninku a kan mata.

Abin da jikin mace ya fi buƙata a waɗannan makonni yana nan a bayan gida, kusan kyauta. Matsalar ita ce wadda ta tsinko shi ta dafa, sau da yawa ita ce ta ƙarshe wajen ci.

Harshe: kwaɗo ba abincin talauci ba ne

Babu lokacin da kwanon mace a karkarar Jigawa ke samun launi kamar yanzu. Ga zogale da rama da tafasa da yakuwa da alayyahu, ga lalo da karkashi da ɗanyar kuɓewa. A gefe ga gasasshiyar masara, da dafaffiyar gyaɗa, da gurjiya, da yalo, sai tumu idan sabon gero ya ƙosa.

Wasu na kallon kwaɗon ganye a matsayin abin maleji kafin kaka. Alhali kwanon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa ya haɗa sinadarin ƙarfe mai taimakawa wajen gina jini, da sinadarin folet, da bitamin A, da kuma abin gina jiki daga gyaɗa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kusan kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini.

Akwai dabaru masu sauƙi da ke ƙara amfanin ganyen. A matsa lemun tsami ko a yanka ɗanyen tumatir a kai, domin bitamin C na taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe. A sa ɗan man gyaɗa, saboda bitamin A na buƙatar maiƙo kafin jiki ya amfana da shi. Kada a bar ganye a wuta har ya yi baƙi. Shayi kuma a jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci, domin yana rage abin da jiki zai ɗauka.

Ga mai juna biyu, ganye ƙari ne, ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo.

Hanci: ƙanshin ƙasa da warin gargaɗi

Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan an ɗauke ruwa, da na masara a kan garwashi, da turaren wuta da uwargida ke kunnawa don korar warin danshi, su ne ƙanshin wannan lokaci. Fitowa tsakar gida da sassafe a shaƙi wannan iska na 'yan mintuna, kafin a ɗora tukunya, hutu ne da ba ya cin ko sisi.

Sai dai hancin da ke jin daɗi shi ne kuma ke kawo gargaɗi. Idan marka ta sauka, itace ba ya bushewa, kuma girki kan koma cikin ɗaki ko ƙaramin madafi. Hayaƙin jiƙaƙƙen itace ya fi kauri, kuma mace da goyonta ne ke shaƙar sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida na da hannu a mutuwar mutum kusan miliyan uku a kowace shekara a duniya. Ajiye itace a ƙarƙashin rumfa da yin girki inda iska ke ratsawa na rage wannan haɗari.

Haka ma gyaɗa da masarar da aka tara ba su gama bushewa ba. Idan suka fara warin hunhuna ko ɗaci a baki, to a rabu da su. Hunhunar na iya haifar da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Kunne: kukan kwaɗi da kukan sauro

Daren ƙarshen damina ba ya shiru. Kwaɗi na kuka a kududdufi, ana cida daga gabas, ruwa na dukan kwano. Nan da 'yan makonni kuma za a fara jin luguden taɓare a kan sabon gero.

A cikin waɗannan sautuka akwai wanda bai kamata a saba da shi ba, wato kukan sauro. Wannan ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kaiwa ƙololuwa a Arewa, kuma Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya.

A Jigawa, iyaye mata sun san masu bi gida-gida da damina suna raba maganin rigakafi ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Uwar da ke tabbatar da ɗanta ya sha nasa, ita ma tana da nata idan tana da ciki. Daga mako na 13, ana bai wa mai juna biyu maganin kariya a wurin awo, da tazarar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha, kuma ana so ta samu aƙalla sau uku kafin haihuwa.

Dalili kuwa shi ne cutar na iya ɓuya a mahaifa ba tare da zazzaɓi mai zafi ba, tana cin jinin uwa tana rage nauyin jariri. Kwana cikin gidan sauro kowane dare shi ne ya fi kowane mataki arha. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ido: kore a waje, fari a ciki

Koren gonaki da bakan gizo bayan yayyafin la'asar abin kallo ne da ba ya daɗewa. Da zarar Oktoba ta yi nisa, ciyawa za ta fara bushewa.

Idon da ke kallon gona ya kamata ya kalli madubi. Idan mace ta ja fatar idonta ta ƙasa ta ga ta yi fari, ko tafin hannunta ya koɗe, ga jiri da haki bayan ɗan aiki kaɗan, to alamun ƙarancin jini ne, ba lalaci ba. Gwajin jini a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa zai raba gardama.

Ga mai ciki, kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko zubar jini, ba abin jira har gari ya waye ba ne.

A nan ne ruwan da ke kawo albarka kan zama shinge. Mutanen Kafin Hausa ba su manta da ambaliyar 2022 ba, lokacin da ƙaramar hukumar ta kasance cikin waɗanda abin ya fi shafa a jihar, gidajen ƙasa suka rushe a garuruwa irin su Bulangu. Ko a shekarar da babu ambaliya, hanyoyin ƙauyuka kan yanke.

Saboda haka matar da watan haihuwarta ya faɗo a wannan lokaci na buƙatar shiri tun da wuri: wa zai kai ta, da wane abin hawa, ta wace hanya. Akwai Babban Asibitin Kafin Hausa, akwai kuma na Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun 2008. Amma asibiti na amfanar wadda ta isa a kan lokaci ne.

Fata: sanyin da jiki ya daɗe yana jira

Bayan zafin bazara, sanyin daren Agusta rahama ne. Barci ya fi daɗi, ƙurajen zafi sun kwanta.

Amma ƙafar da ta wuni cikin taɓo da ruwan wanke-wanke kan kamu da cin ruwa a tsakanin yatsu. A wanke da sabulu, a tsane sosai kafin a kwanta. Kayan ciki da ƙyallen al'ada kuma a tabbatar sun bushe ƙayau, ko da sai an bi su da dutsen guga, domin danshi na jawo ƙaiƙayi.

Ruwan sha ma na buƙatar kulawa, saboda ruwan sama na wanko ƙazanta zuwa rijiyoyin da ba su da murfi. A tafasa shi, a rufe randa.

Kafin kaka ta kankama

Garaɓasar ganye ba ta wuce 'yan makonni. Mai hangen nesa kan shanya zogale da yakuwa da kuɓewa tun yanzu, a inuwa mai iska, domin rana mai zafi na rage bitamin ɗin ganye.

Sauran aikin kuma na maigida ne da sauran mutanen gida. Idan an sauke kwaɗo, a fara cire na wadda ta dafa. Idan ranar awo ta zo, a ba ta kuɗin mota, a karɓar mata aikin ranar. Girbi da sussuka da shiƙa na tafe, kuma duk da ƙarfin jikinta za a yi su.