Abin da nonon uwa ke faɗa game da ƙurar ɗakunanmu

Yangoji tana bakin titin Abuja zuwa Lokoja, cikin ƙaramar hukumar Kwali, kuma dare da rana manyan motoci na ratsa ta da kayan da aka sauke a tashoshin jirgin ruwa na Legas. Da yawa daga cikin kayan gwanjo ne: motoci 'yan kwatano, firiji, kwamfuta, kujerun kushin. Sukan yi shekaru a gidajenmu, su mutu, su faɗa hannun 'yan jari-bola. Yaro ya fasa tsohuwar talabijin mai ƙusumbi da guduma, ya ware jan ƙarfe, ya tara robar ya cinna mata wuta a bayan gari. Baƙin hayaƙin nan mai kama maƙogwaro yana ɗauke da wani abu da masana suka shafe shekaru suna bin sawunsa har cikin nonon mata.

Sunansa PBDE, dangin sinadarai ne masu ɗauke da buromin. Tun daga shekarun 1970 masana'antu ke cuɗa su cikin sosan kujera, kujerun mota, kwanson talabijin da kayan lantarki, don kada wuta ta yi saurin ci. Manufar ba ta da laifi. Matsalar ita ce sinadarin ba ya haɗewa da robar ya zama jiki ɗaya, yana zaune ne a cikinta kamar gishiri a cikin gari. Idan soso ya tsufa ya yi ruwan ɗorawa, ka murza shi ya marmashe a hannunka, sinadarin ya samu hanyar fita. Ya shiga ƙura, ƙura ta hau hannu, hannu ya kai baki. Ba ya narkewa a ruwa, mai yake so, don haka jiki ba ya saurin fitar da shi ta fitsari, sai ya ajiye shi cikin kitse shekara da shekaru. Da kitsen jikinta uwa ke haɗa wani ɓangare na man da ke cikin nono.

Mutanen Suwidin ne suka fara ganin abin ƙarara, saboda wata ɗabi'a mai kyau: tun 1972 suke da ajiyar nonon matan Stockholm a daskare. Da masu bincike suka auna ajiyar a ƙarshen shekarun 1990, sai suka tarar PBDE na ninkawa kusan duk shekara biyar. A 1972 adadin ya kasance 0.07 na nanogiram a kowane giram na man nono, zuwa 1997 ya kai wajen 4. Nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram, abu ne da ido ba ya gani, amma hawan ne ya tayar da hankali, domin a daidai lokacin sinadarai masu guba irin su DDT da PCB, waɗanda aka riga aka hana, sauka suke yi a cikin nonon. Da aka auna matan Amurka a farkon shekarun 2000, nasu ya ninka na Turai sau goma ko fiye. Wata dokar jihar Kalifoniya ta 1975 da ta tilasta sosan kujera ya jure harshen wuta tana cikin dalilan.

Tarayyar Turai ta hana nau'i biyu na PBDE a 2004, kamfanin da ke yin su a Amurka ya daina a ƙarshen shekarar. Yarjejeniyar Stockholm kan sinadarai masu guba, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, ta sa su cikin jerin haramtattu a 2009, sannan nau'i na uku, wanda aka fi zubawa a kwanson talabijin, ya bi su a 2017. A Suwidin adadin ya fara sauka tun kafin a gama rubuta dokokin, ya ci gaba da sauka. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a labarin: an ga hujja a jikin mutane, an ɗauki mataki, jikin mutane ya nuna an ɗauka.

Mu kuwa agogonmu daban yake tafiya. Kayan da Turai da Amurka suka yar bayan haramcin, wasunsu nan suka nufo. A Gana an auna nonon matan Akara, Kumasi da Tamale a 2004, aka sake a 2009, sai aka ga PBDE ya ƙaru a shekarun da yake raguwa a Suwidin. A nan gida, masu bincike a Jami'ar Ibadan, tare da Farfesa Oladele Osibanjo, sun gwada kwansunan tsofaffin talabijin da kwamfuta da aka shigo da su, suka sami sinadaran buromin masu yawa a wasunsu. Ƙona irin wannan roba a fili yana haifar da wata gubar da ta fi ta farko muni, dangin dayoksin. Wani ɓangare na robar kuma ana niƙa shi a sake narkawa, ya dawo mana a matsayin baƙar roba mai araha.

Me PBDE yake yi wa jiki? Siffarsa ta yi kama da sinadarin da ƙululun wuya ke fitarwa, wannan da idan ya kumbura muke kira maƙoƙo, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi da jariri na dogara da shi wajen ginuwa. Binciken da aka bi yara shekaru a Amurka ya nuna waɗanda iyayensu mata ke da PBDE mai yawa lokacin goyon ciki sun ɗan fi samun rauni a gwajin fahimta da natsuwa.

A nan dole in tsaya, domin ina tsoron mai jego ta karanta wannan ta ajiye yaro ta nemi gwangwanin madara. Kada ki yi haka, 'yar'uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ita ce ke jagorantar auna nonon mata a ƙasashe tun 1987, ba ta sauya matsayinta ba: nono zalla wata shida, a ci gaba har shekara biyu, kamar yadda addini ma ya tanada. Gudawa da tamowa da ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke kashe jariranmu a yau, kuma dakashi da nono ne garkuwarsu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Ana auna nono ne don samunsa ba ya buƙatar allura, kuma yana nuna abin da ke jikin kowa a gidan, har da maigida.

Gyaran yana wajen ƙura da hayaƙi. Na sha ganin ana yanko soso ko roba a kunna gawayi da shi, mai goyo ta sunkuya tana fifita, yaron na bayanta yana shaƙa. A koma ƙirare da tsinke. Kushin ɗin da ya yage a rufe shi da yadi mai kauri. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge saman kaya da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke wa mai rarrafe hannu kafin ya ci. Mai sana'ar fasa kayan lantarki ya tuɓe rigar aiki a waje, kuma wurin ƙona waya ya yi nesa da gidaje da inda kaji ke kiwo, domin gubar na taruwa a ƙwai. Hukumar kula da dokokin muhalli, NESREA, na da dokar kayan lantarki tun 2011, aiwatar da ita a ƙauyukan gefen Abuja ne ya rage.

Nijeriya da Nijar sun shiga binciken nono na Majalisar Ɗinkin Duniya, amma tsarinsa shi ne a karɓi nonon mata kamar hamsin masu haihuwar fari, a haɗe wuri ɗaya, a fitar da adadi guda na ƙasa. Wannan ba zai bambance matar da ke maƙwabtaka da wurin ƙona roba da ta tsakiyar Maitama ba. Muna da inda za mu yi namu awon: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja na Gwagwalada, cibiyar binciken kimiyya ta Sheda kuma na cikin Kwali, duk a kan titi ɗaya da Yangoji. Abin da Suwidin ta fara da shi firiza ce da rajista, da mata masu yarda su ba da nononsu, a maimaita duk bayan 'yan shekaru.