Masu kuka da waya da masu shiru: wa za a gaskata?

Wanda ya zauna rabin yini a rumfar mai gyaran waya ranar kasuwar Dutsin-Ma zai tashi da yaƙinin cewa babu wayar kirki a duniya. Wannan batir ɗinsa ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, wancan tasa ta daina karɓar caji, ga wata da gilashinta ya yi baƙi alhali ba ta faɗi ba. Daga irin wannan zama ake ɗibar maganganun da ke yawo a majalisu da sauran wuraren hira daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi: wai wayoyin China duk jabu ne, wai waɗanda aka ƙi a can ake jibge mana, wai kamfanoni na kashe tsohuwar waya da gangan don a sayi sabuwa, wai akwai lambar da in ta kira ka ka ɗauka sai dai a yi maka salla. A cikin waɗannan akwai gaskiya tsagwaronta, akwai ƙarya zalla, akwai kuma kaso mafi girma, inda ciwon gaskiya ne amma an ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ƙarfin kuka ba ya rarrabe su, domin abin da yake aunawa shi ne yawan wayoyin da aka sayar da zafin ran wanda abin ya shafa.

A fara da lissafi, don a nan ne aka fi tafka kuskure. Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, mai hedikwata a birnin Shenzhen, kuma shekaru da dama ke nan yana riƙe da fiye da kashi 40 cikin 100 na kasuwar manyan wayoyi a Afirka. Inda aljihu ya fi ƙunci, kamar ƙauyukan da ke kewaye da Kurfi, ido ma ya isa ya nuna cewa su suka fi yawa a hannun mutane. To, idan mafi yawan wayoyin gari na kamfani ɗaya ne, dole mafi yawan waɗanda ke kan teburin mai gyara su zama nasa, ko da kuwa ingancinsu ɗaya da na kowa. Mai gyara bai yi ƙarya ba idan ya ce su ya fi gani. Abin da ba ya gani shi ne dubban da ke aljihun ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da masu POS, da dillalan hatsi, waɗanda ba su da dalilin zuwa rumfarsa. Mai gadin ƙofar asibiti ma, in da da abin da ke wucewa ta gabansa zai yi hukunci, cewa zai yi duk garin ba mai lafiya. Masana kasuwanci sun auna wannan ɗabi'a tun da jimawa. A 1998 Eugene Anderson na Jami'ar Michigan ya wallafa nazarin da ya yi da bayanan masu saye daga Amurka da Suwidin, inda ya nuna cewa waɗanda suka fi ba da labarin kaya su ne waɗanda suka ji haushi ƙwarai da waɗanda suka ji daɗi ƙwarai, masu haushin kuma sun ɗara. Na tsakiya, wanda wayarsa ke kira, tana tura kuɗi, tana buɗe WhatsApp, ba shi da labarin bayarwa. Shi ya sa idan aka bi mutane aka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a jira mai ƙorafi ya kawo kansa ba, sakamakon kan sha bamban. Ma'aunin gamsuwar masu saye na Amurka, wanda ake fitarwa tun 1994, ya daɗe yana ba manyan kamfanonin waya maki kusan 80 cikin 100, a ƙasar da ba a raga wa kamfani wajen suka.

Batun cewa ragowar China ake kawo mana ba shi da tushe. Gaskiya ne cewa da wuya ka ga Tecno a hannun ɗan China, amma dalilin shi ne an kafa kamfanin a 2006, tun 2008 kuma kasuwar Afirka ya sa a gaba. Waya mai layi biyu, da babban batir, da kyamarar da aka saita don ta fito da fuskar baƙar fata, duk an yi su ne da mu a zuciya, kuma tun 2011 kamfanin yake da masana'antar haɗa waya a Habasha. Kalmar "ɗan China" ma ba ta rarrabe komai, tunda akasarin wayoyin iPhone da ake tinƙaho da su a China aka daɗe ana haɗa su, musamman a masana'antar Foxconn da ke Zhengzhou. Sai dai masu zargi suna da hujja ɗaya mai nauyi wadda bai kamata a ɓoye ba. A watan Agustan 2020 kamfanin tsaron intanet na Upstream ya bayyana cewa ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, tun daga kwali, tana cinye data tana kuma ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar abubuwan biya ba da saninsa ba. An fi samun su a Habasha da Masar da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu. Transsion ya amsa cewa abin ya faru, ya ɗora laifin a kan wani daga cikin masu kawo masa kaya, ya ce kuma ya fitar da gyara.

A nan mai ja zai ce: ashe ke nan ƙorafin tsiraru na iya zama gaskiya, don me za a ce a rage masa daraja? Wannan ja ɗin daidai ne, kuma tarihi na bayansa. Lokacin da hukumar kare masu saye ta Amurka ta sanar da janye Samsung Galaxy Note 7 a watan Satumban 2016, rahotannin zafin batir da ta ambata 92 ne kacal, a cikin wayoyi kusan miliyan ɗaya da aka sayar a ƙasar. Duk da haka an janye wayar, an hana shiga jirgin sama da ita, a watan Oktoba kuma kamfanin ya daina yin ta gaba ɗaya, domin aibin da ke ƙona mutum ba a auna shi da yawan waɗanda suka tsira. Haka zancen rage wa tsohuwar waya gudu. Shekaru ana ɗaukarsa zargin masu yawan surutu, sai ga Apple a watan Disambar 2017 ya amsa cewa yana rage saurin wasu iPhone idan batir ɗinsu ya tsufa, wai don kada su riƙa mutuwa ba zato. Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da masu saye ba, a Amurka kuma ya amince ya biya har dala miliyan 500. Italiya ta riga su a 2018, inda ta ci Apple da Samsung tara a kan sabunta manhajar da ya rage ƙarfin tsofaffin wayoyi. Abin lura shi ne kamannin waɗannan ƙorafe-ƙorafe da suka tabbata. Kowanne yana da sunan samfurin waya, da lokacin da ya faru, da aibi guda da za a iya gwadawa a sake gwadawa a ga abu ɗaya. Ba wanda ya tabbata a kan "duk wayoyin kamfani kaza".

Ji-ta-ji-tar da ba ta da tushe ba ta da waɗannan alamu, kuma ba ta buƙatar dogon sharhi. Lambar da ke kisa ta zagaya Najeriya a 2004, ta dawo a watan Satumban 2011, har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ce ba ta yiwuwa, kuma ba a taɓa nuna gawa ɗaya da likita ya tabbatar ba. A 2020 aka ce 5G ce ta kawo korona, alhali ba a yi gwanjon lasisinta a Najeriya ba sai Disambar 2021, MTN kuma bai fara ta ba sai 2022. Shawarar da wasu masu shago ke bayarwa har yau, cewa sabuwar waya sai ta kwana a caji kafin a kunna ta, gado ce daga zamanin batir ɗin nikel; na litiyam da ke cikin wayoyin yanzu ba ruwansa da wannan.

Kaso mafi girma shi ne na ciwon gaskiya da aka ba shi sunan da ba nasa ba, kuma a yankin Katsina ta tsakiya batir ne kan gaba. Batir ɗin litiyam abu ne mai ƙarewa: a ƙa'idar da Apple ya daɗe yana bayarwa, bayan cikakken caji kusan 500 ƙarfinsa kan sauka zuwa kashi 80 cikin 100. Zafi kuma yana gaggauta hakan. Kamfanin ya ce wayarsa an yi ta ne don yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Sai a dubi inda wayar take shan caji. Da yake wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, mutane da yawa wurin mai caji suke kai ta: katako ne da aka jera wa soket bila adadin, ƙaramin janareto na kuka a gefe, wayoyi a kwance kan juna kowace da 'yar lambarta, ƙarƙashin rufin kwano da rana tsaka, a kan cajar da ba ta kamfanin ba. Girman wannan sana'a ya fito fili a 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cajin waya na kuɗi a ƙananan hukumomi da dama don toshe wa 'yan bindiga hanya. Wayar da ta yi shekara biyu a wannan hali batir ɗinta ya kumbura, ba ta ci amanar kowa ba. Haka zancen cewa amsa kira a kan caji yana kisa: haɗarin yana cikin jabun caja da wayar wuta da ta zare, waɗanda kan iya kai wutar gida jikin mutum.

Sabis ma haka ne. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari, aka yi watanni a haka. A lokacin mai waya mai tsada da mai ƙaramar itel duk ɗaya suka zama, kowa sai ya yi tafiya kafin ya yi kira. Wannan ya isa ya nuna inda sabis yake fitowa, amma har yau idan kira ya yanke a hanyar Kurfi zuwa Katsina, wayar ake zagi, ba a tuna nisan turken sadarwa ko man dizal ɗin da ke tafiyar da shi. Data kuwa, wadda NCC ta amince a ƙara kuɗinta da na kira da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, mafi yawanta bidiyon da ke kunna kansa a Facebook da TikTok ne ke lashe ta, da hotunan da WhatsApp ke saukewa ba a tambaye shi ba, da manhajojin da ke sabunta kansu a ɓoye. Sannan ga tsofaffin wayoyi da ake ɗaukowa daga Farm Centre a Kano ko kasuwar Ikeja, wasu an canja musu gilashi da batir kafin su iso. Idan irin wannan ta lalace, sunan kamfanin da ke bayanta ake kira, ko da rabin kayan cikinta bai taɓa ganinsu ba.

Akwai ja na biyu, wanda a ganina ya fi na farko ƙarfi: shiru ba gamsuwa ba ne. Talakan da ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi waya ba shi da wata da zai kwatanta ta da ita, bai san ofishin da zai kai kuka ba, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 ta tashi daga kusan 460 a kan dala ta haura 1,500 a farkon 2024, canja waya ya fi ƙarfin mutane da yawa. Haƙuri yake yi, ba yabo ba. Akwai kuma aibun da ba ya kai mutum wurin mai gyara amma yana nan: ƙarancin ma'ajiya a wayoyi masu araha, da tallace-tallacen da ke faɗowa daga manhajojin da suka zo da wayar, da gajeren lokacin da kamfani ke aiko da sabuntawar tsaro. Wannan na ƙarshen yana da sakamako a zahiri, domin a Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android ɗin da bai kai na 5 ba, waya lafiyarta ƙalau amma ta zama ta kira kawai. Don haka ba za a ɗauki shirun jama'a a matsayin shaidar inganci ba. Sai a nemi abin da mutane ke yi da kuɗinsu, wanda ya fi bakinsu faɗin gaskiya. Idan wayar mutum ta mutu ko aka sace ta, wace ya koma ya saya, alhali a shago ɗaya akwai Samsung da Redmi masu kusan farashi ɗaya? Wace ce dillali ke karɓa a hannu ba tare da ya karya mata daraja ba? Kamfanin da ke sayar da shara zai iya cin kasuwa shekara ɗaya ko biyu, amma riƙe ta fiye da shekara goma, a gaban abokan hamayya masu ƙarfi, yana buƙatar mutanen da suka saya suka sake dawowa.

Mai niyyar saye a Dutsin-Ma ko Kurfi zai fi amfana idan ya sauya tambayar da yake yi wa mai gyara. Maimakon wace waya ce ta fi zuwa gyara, ya tambayi wane samfuri ne ke zuwa da ciwo iri ɗaya tun bai shekara ba, kuma ana samun gilashinsa da batir ɗinsa na asali ko sai an aika Kano. A shago ya danna *#06# ya ga ko lambar IMEI da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali, ya karɓi rasit mai kwanan wata, domin garantin shekara guda da manyan kamfanoni ke bayarwa, ciki har da wanda Carlcare ke kula da shi na Tecno da Infinix da itel, da rasit ɗin ake nemansa, kuma bai shafi wayar da ta faɗi ta fashe ko ta sha ruwa.