Zoɓo: Amfanin Gonar da Har Yanzu Sai da Hannu

Da yawa daga cikin masu shan zoɓo sun ɗauka furen yakuwa suke sha, alhali furen kwana ɗaya kacal yake yi: ya buɗe da safe, kafin yamma ya yi yaushi. Abin da ke saura shi ne kofin da ya tallafe shi, wanda ke yin kauri da ja har ya rufe ƙwanson iri. Wannan kofi ake ɓarewa a shanya. Jan launinsa daga sinadarin antosayanin yake.

Yakuwa, wadda masana ke kira Hibiscus sabdariffa, ba ta yin fure sai dare ya soma tsawo. Saboda haka gonakin Jigawa da Katsina da Kano kan nuna kusan lokaci guda, wajajen watan Nuwamba, aiki ya taru ya fi ƙarfin masu gona. Iskar hunturu ta busar da shi, fatake su kai kasuwar Dawanau, wani kaso kuma ya wuce ɗakunan ajiya na unguwannin masana'antu irin su Bompai da Sharada. A can mata ke zama suna tsince tsakuwa da kara da iri, kafin a ɗure shi a buhuna zuwa ƙasashen waje, musamman Meziko. Aiki ne na 'yan watanni, tamkar cin rani, kuma ƙurar da ake shaƙa a cikinsa ta cancanci kulawar masu kamfani fiye da yadda ake ba ta.

Ingila ta taɓa samun irin wannan. A yankin Kent ana noma wani tsiro mai yaɗo da ake kira hop, wanda ake sa wa giya don ɗaci. Kowane watan Satumba talakawan gabashin Landan, galibi mata da yara, kan shiga jirgin ƙasa su je tsinkarsa, suna kwana a bukkoki. Injuna suka kashe al'adar a shekarun 1950 da 1960, domin ana iya yanke yaɗon dungurungum a kai rumfa inji ya kakkaɓe.

Zoɓo bai ba da wannan sauƙi ba. Ƙwansonsa daga ƙasan reshe yake fara nuna ya yi sama, ba lokaci guda ba, kuma dole a raba kofi da iri ba tare da an dagargaza shi ba, don masu saye sun fi daraja wanda bai karye ba.