Ganye Mai Ɗaci da Wake

Birnin Kudu da Gwaram garuruwa ne a kudancin Jihar Jigawa. A dā suna cikin Jihar Kano, sai a shekarar 1991 aka yanka Jigawa, aka sa hedkwatarta a Dutse. Yawancin mutanen wannan yanki manoma ne. Suna noman gero, da dawa, da gyaɗa, da wake. Ƙasarsu ta fi ta arewacin jihar samun ruwan sama, saboda haka da damina ta faɗi sai ganyaye iri iri su tsiro ko'ina.

Tsakiyar damina ita ce lokacin da ya fi wuya ga manomi. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana kuwa bai nuna ba tukuna, ga aikin gona mai yawa. A sa'an nan ne ganye ya ke ceton gida. Mata da 'yan mata su kan fita su tsinko tafasa, da gasaya, da rama, da zogale. A waɗansu gidaje kuma a kan shuka shuwaka a bayan ɗaki. Ko a babban farin da aka yi wajen shekarar 1973, ganyen daji ya taimaki mutane da yawa a ƙasar Hausa.

Waɗansu ganyayen nan suna da ɗaci, shuwaka kuwa ta fi su duka. Don haka yara da yawa su kan ɓata fuska in sun ga miyarta. Amma ganye kore yana ɗauke da abubuwan da ke tsare jiki. A cikinsa akwai sinadarin ƙarfe, wanda jiki ya ke yin jini da shi. Akwai kuma abin da jiki ya ke mayarwa bitamin A. Yaron da ya rasa wannan bitamin ya kan kamu da dundumi, watau da magariba ta yi sai ya kasa gani.

To, amma ganye kaɗai ba ya gina jiki sosai. Wannan aikin wake ne. In aka raba busasshen wake kashi 4, kusan kashi 1 abin gina jiki ne, irin wanda a ke samu a nama da ƙwai. Nama yana da tsada, wake kuwa a gona ya ke, a tsakanin kunyoyin gero. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wannan wake, Nijar na bi mata. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka ganye da wake su ke: ɗaya ya tsare jiki, ɗaya ya gina shi. Ban da wannan, garɗin wake ya kan danne ɗacin ganye, miya ta yi daɗi.

Ga yadda a ke miyar shuwaka da wake. Da fari a kan jiƙa wake, a surfa shi a turmi, a wanke har dusar ta fita. Sa'an nan a ɗora tukunya, a soya albasa da tattasai cikin man gyaɗa ko manja, a tsai da ruwa, a zuba daddawa da gishiri, da nama ko busasshen kifi in akwai. In ruwa ya tafasa sai a zuba wake, a bar shi ya dahu har ya farfashe, miya ta yi kauri.

Kafin wake ya dahu, mai girki ta kan juya ga shuwaka. Ta tsinke ganyen, ta zuba a ƙwarya, ta barbaɗa gishiri kaɗan, ta yi ta murzawa da hannu har kumfa ta taso. Ta zubar da koren ruwan, ta ɗauraye, ta sake murzawa. Sau 2 ko 3 ya isa. Daga nan ta zuba ganyen a tukunya, ta rufe na ɗan lokaci, ta sauke. Ana cin miyar da tuwon dawa ko na gero. A gidaje da yawa ita a kan yi wa maijego.

Akwai kurakurai 3 da ke rage amfanin wannan miya. Na farko shi ne yawan wanki. Waɗansu bitamin suna narkewa a ruwa, in aka yi ta wanke ganye har ɗacin ya fita sarai, to, su ma sun bi ruwan. Gara a bar ɗan ɗaci. Na biyu shi ne daɗewa a wuta, shi ya sa a ke zuba ganye daga ƙarshe. Na uku shi ne yawan kanwa. Gaskiya ne kanwa tana sa wake ya dahu da sauri, amma in ta yi yawa ta kan kashe waɗansu bitamin. In an jiƙa wake tun da wuri, ba sai an cika kanwa ba. Mai kuwa ba a barinsa, ko da kaɗan ne, gama shi ke taimakon jiki ya karɓi bitamin A daga ganye.

Ba Hausawa kaɗai suka gane wannan dabara ba. Can gabas, bayan babban teku, akwai ƙasar Indiya. A kudancinta akwai birnin Chennai, wanda a dā a ke kira Madras, aka sake masa suna a shekarar 1996. Waɗansu mutanen wannan yanki ba su cin nama, saboda haka sun dogara ga wake. Nasu waken ƙanana ne, su kan ɓarza shi su cire bawon, ana kiransa dal. Suna dafa shi da kurkum har ya yi lugub, sa'an nan su zuba ganyen hulba mai ɗaci, ko na zogale. Shi zogale ma asalinsa daga Indiya ne. Don su rage ɗaci su kan sa ruwan tsamiya, ko kwakwa niƙaƙƙiya, ko ɗan guntun mazarƙwaila. Daga ƙarshe su soya barkono da 'ya'yan kayan ƙanshi cikin mai, su kwarara a kan miyar, su ci da shinkafa. Matar Gwaram da matar Chennai ba su jin harshen juna, amma da za su leƙa tukunyar juna, da kowace ta gane abin da 'yar'uwarta ta dafa.

Sauran gargaɗi ɗaya. Ba kowane ganye ne abinci ba. Zaƙami, alal misali, guba ne. Kada yaro ya tsinko ganyen da bai sani ba sai ya nuna wa manya. Kada kuma a tsinka a gonar da aka yi wa feshin magani, ko a kan juji. Yaro mai hankali kuwa, in an sa masa tuwo da miyar shuwaka, ba ya ture akushi saboda ɗan ɗaci. Ya san lafiya uwar jiki ce.

Tambayoyi

1. Don me tsakiyar damina ta ke da wuya ga manomi?
2. Mene ne dundumi, me ke kawo shi?
3. Wane amfani wake ya ke yi a miyar shuwaka?
4. Waɗanne kurakurai 3 ne ke rage amfanin miyar?
5. Da me mutanen kudancin Indiya su ke rage ɗacin ganye?