Wutar lantarki daga totuwa da tsohuwar tukunyar gas

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin fetur a Nijeriya, mai janareta sai ya yi lissafi kafin ya ja igiya. Mai aski da mai cajin waya da mai markaɗe duk suna neman hanyar da injinsu zai yi aiki ba sai sun leƙa gidan mai ba. Akwai wata tsohuwar dabara da ta cancanci waiwaye: a turara itace ko gawayi ko totuwar masara a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, a fitar da iska mai kama wuta, a ba janareta ya sha a madadin fetur. Yawancin kayan haɗa wannan na'ura kuwa suna nan zube a wurin 'yan gwangwan.

Turawa sun rayu da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Da fetur ya yanke, motoci kusan miliyan ɗaya a Turai suka koma tafiya da gas na itace, fiye da 70,000 daga cikinsu a ƙasar Suwidin kaɗai. Ƙirar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Georges Imbert, wani injiniya ɗan Faransa da ya inganta ta a shekarun 1920. A 1989 ma hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta fitar da littafin koyar da haɗa irin wannan na'ura mai sauƙi da kayan da ake samu a ko'ina, saboda ranar da mai zai yi wuya.

Sirrin abin shi ne a hana wuta iskar da za ta ishe ta. Ana zuba makamashin ta sama, a bar iska kaɗan ta shiga ta ƙananan bututu a tsakiya, inda zafi ke haura digiri 1,000. Hayaƙin da ya fito sai a tilasta masa bi ta ƙasa, ya ratsa jajayen garwashi. A nan ne yake rikiɗa ya zama kabon monoksaid da haidurojin, waɗanda su ne ke ci a cikin inji. Kusan rabin abin da ke fita naitirojin ne da ba ya ci, shi ya sa janareta kan yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Mai injin da ke ɗaukar firji da fanka da talabijin a kan fetur, ya shirya sauke wani abu.

Gwanin mai walda zai iya haɗa ta. Tsohuwar tukunyar gas ta zama ɗakin wuta, durom ya zama rigarta, a sa raga mai kauri a ƙasa don toka ta riƙa zubewa, lagireton tsohuwar mota ya sanyaya gas ɗin, fankar mota mai aiki da batir ta ja iskar farko. Amma kada a kusanci tukunyar gas da abin yanka sai an cire kanta an cika ta da ruwa, kuma a guji bututun da aka shafe da zinki a wajen wuta, domin hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Inda ake faɗuwa ba a wajen samar da gas ba ne. Wannan kowa zai iya, har ya kunna shi a bakin bututu ya kira maƙwabta su gani. Matsalar ita ce kwalta. Itacen da bai bushe ba, ko wutar da ba ta kai zafi ba, kan bar wani baƙin danƙo a cikin hayaƙin. Yana da zafi yana tafiya kamar tururi, da inji ya huce sai ya daskare a bawul. Washegari a ja igiya a ji ta ƙi motsi, kanikawa su buɗe su tarar da komai ya manne. Saboda haka rabin aikin yana ga tacewa: gwangwanin da zai juya gas ɗin ya kaɗe ƙura, sai sanyayawa, sai bokitin ƙarfe cike da busasshiyar ciyawa ko aske-asken katako, sannan ƙyalle a ƙarshe. Harshen wuta kan ba da shaida. Idan shuɗi ne garau, gas ya yi tsabta. Idan rawaya ne mai hayaƙi, kada a kai shi kusa da inji. Daga nan sai a haɗa shi da iska, kusan rabi da rabi, kafin ya shiga ta bakin kafireta.

Mai koyo ya fara da gawayi, tunda an riga an ƙone masa yawancin kwaltar. Sai dai a ganina, idan dabarar ta tsaya a gawayi, mun gudu ne ba mu tsira ba. Kowane kilowat ɗaya na awa guda kan ci busasshen itace kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ga arewa da hamada ta riga ta sa a gaba. Amfaninta na gaske yana ga abin da muke zubarwa: totuwa, ɓawon gyaɗa, da ɓuntun shinkafar da ke tashi tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Kura da Argungu. A jihar Bihar ta Indiya, kamfanin Husk Power Systems ya fara ba ƙauyuka wuta da ɓuntu tun wajajen 2008. Ɓuntu dai yana da toka mai yawa, kusan kashi 20 cikin ɗari, don haka yana bukatar tukunyar da ake girgiza ragarta a kai a kai. Wannan aiki ne da ya dace ɗaliban kwalejojin fasaha su zauna da masu walda su warware.

Gas ɗin nan ba shi da launi, kabon monoksaid ɗin cikinsa kuma ba ya wari. Shi ne dai wanda ke kashe iyalai cikin barci idan an kwana da janareta a ɗaki, kuma wannan na'ura da gangan take samar da shi da yawa. Duk wanda zai gwada, ya kafa ta a fili nesa da taga, ya duba kowane mahaɗi da ruwan sabulu kafin ya kunna, kada kuma ya leƙa fuskarsa a bakin tukunya lokacin ƙara makamashi.