Jar fitila a gaban direba

Duk wanda ya shiga motar haya daga Tsauni zuwa Matamaye, in ya samu wurin zama a gaba, ya dubi allon da ke bayan sitiyari. Direbobi suna ce mashi tablo. A motoci da yawa zai ga wata ƴar fitila tana ci, ja ko ruwan ɗorawa. A waɗansu kuma zai ga an manna baƙin salatif a wuri guda, an rufe ta. In ya tambaya, amsar da a kan ba shi ita ce ba kome, haka motar ta zo tun daga Turai.

Wannan amsa ba ta isa ba. Fitilar nan magana take yi. Kuma maganar ba ta direba ba ce shi kaɗai. Motar nan ita ke ɗaukar rake da rogo da tumatir daga fadama zuwa kasuwar Matamaye da Damagaram. Ita ke kai awaki Ɗan Barto. Ita ake bugawa ƙofa da tsakar dare in haihuwa ta zo ma mace da gardama. In ta mutu a daji, tumatir ya ruɓe, mai shi ne ya yi hasara. In mai naƙuda ce a ciki, abin ya wuce maganar kuɗi.

Motar da da motar yanzu

Tsofaffi sun san Peugeot 404 da 504, da Land Rover, da manyan kamyo na Berliet. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, suka cika hanyoyin ƙasar Hausa. Wayoyin waɗannan motoci kaɗan ne. Bakanike ya kan kasa kunne ya ji kukan inji, ya gane ciwon. In batir ya mutu, yara su tura, ta tashi.

Motar yanzu daban take. Akwai wani ɗan akwati a cikinta, kwamfuta ce, makanikai suna ce mata ƙwaƙwalwar mota. Ita ke auna man da inji zai sha, da iskar da zai shaƙa, da lokacin da wuta za ta kama. Tana da ƴan rahoto a wurare da yawa. Wani yana jin zafin ruwa, wani yana jin ƙarfin baƙin mai, wani yana sansanar hayaƙi, wani yana ƙirga juyin taya. Kowanensu waya ce ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa. In ɗaya ya kawo labari maras kyau, ko ya yi shiru gaba ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta kunna fitila a tablo.

Makiyayi ya san wannan aiki. Saniya ba ta cewa ba ta da lafiya. Amma in ta saki kunne, ta daina tuƙa, ta ware daga garke, ya gane. Wanda ya rufe fitila da salatif bai warkar da kome ba, ido kawai ya kawar.

Launi uku

Wanda ya koyi baƙi da wasali a ajin yaƙi da jahilci, karatun tablo ba zai ba shi wuya ba. Launi ake fara dubawa. Kore ko shuɗi sanarwa ce kawai: fitilar gaba tana ci, ko sigina. Ruwan ɗorawa na nufin akwai abin da ya samu matsala, a lallaɓa a kai ta wurin gyara, kada a bar shi ya kwana da yawa. Ja kuwa na nufin a tsaya.

Cikin jajayen, wadda ta fi haɗari ita ce mai kamar butar shayi da ɗigo a bakinta. Fitilar baƙin mai ce. In ta kama ana cikin tafiya, baƙin mai ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata. Ƙarfe yana cin ƙarfe. A cikin mintoci kaɗan inji na iya ƙamewa. A nan ba a cewa bari a ƙarasa gari. A sauka gefen hanya, a kashe mota, a dakata kaɗan, a zaro sandar awon mai a duba. In ya yi ƙasa a ƙara. In kuma mai yana nan cike amma fitila ta ƙi mutuwa, kada a sake tayar da ita. A nemi mai ja. Kuɗin ja ba kome ba ne a kan kuɗin sabon inji.

Ta biyu ita ce mai kamar sanda tsaye cikin ruwa. Zafi ne ya yi yawa. Ita ma tsayawa ake yi. Amma kada yaron mota ya yi garaje ya buɗe murfin lagireto. Ruwan ciki yana tafasa, zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. A jira inji ya huce tukuna.

Ta uku ita ce mai kamar akwati da alamar ƙari da ta ragi. Hoton batir ne, shi ya sa mutane da yawa suke ruɗewa, su je su sayi sabon batir, fitila ta ci gaba da ci. Sau da yawa batir ba shi da laifi. Abin da fitilar ke faɗi shi ne ba a cika shi. Mai cika shi dinamo ne, kuma bel ne ke juya dinamo. Watakila bel ya saki, ko ya tsinke, ko dinamon ya gaji. Mota za ta yi ɗan tafiya da sauran wutar da ke cikin batir, sa'an nan ta mutu. In dare ne kuma fitilun gaba suna ci, ba za ta yi nisa ba. A motoci da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa. Saboda haka in fitilar batir ta kama, a sa ido ga ta zafi. In su biyu suka kama tare, bel ne ya tafi, a tsaya nan take.

Akwai kuma da'ira mai alamar motsin rai a tsakiya. Ta birki ce. A fara duba birkin hannu, ko an manta ba a sauke shi ba. In an sauke kuma tana nan, man birki ya ragu. Man birki ba ya ƙarewa haka kawai. Ko takalman birki sun cinye, ko yana zuba a wani wuri.

Ita kuwa mai ruwan ɗorawa da hoton inji, ita ce ta fi shan salatif. Dalilanta suna da yawa, daga ƙarami zuwa babba. Wani lokaci murfin tanki ne ba a ɗaure da kyau ba. Wani lokaci fulogi ne ya mutu. In tana ci tsaye kuma mota tana tafiya daidai, ana iya ƙarasawa a kai ta gyara. In tana ƙiftawa kuma inji yana rawa, a rage gudu ƙwarai, a tsaya da wuri.

Daga ina ciwon ke zuwa

Motocin da ke yawo a ƙasar Kance galibi sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su ƙetaro teku. Sun zo sun tarar da rairayi, da ƙurar hunturu, da zafin bazara, da gargada. Gargada tana kwance kan batir, tana goga waya a jikin ƙarfe har bawonta ya sale. Zafi yana rage kwanan batir. Ƙura tana toshe matatar iska.

Sai ɓeraye. Motar da ke ɗaukar gero da gyaɗa, ta kwana kusa da rumbu, gidan ɓera ce. Yana shiga ƙarƙashin murfin inji don ɗumi, ya ci waya. Da safe sai a ga fitilu uku sun kama, alhali jiya lafiya lau aka ajiye ta. A share hatsin da ya zube a mota, a riƙa buɗe murfin inji ana dubawa.

Sai ruwa. Da damina direba ya kan faɗa cikin kwari da gudu, ruwa ya shiga mahaɗar wayoyi. Masu wanke inji da bokiti su ma suna jawo wannan.

Sai mai. Tun 2011 matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram take tace man Agadem. Duk da haka a ƙauye man kwalba da na jarka ne a kusa. Jarkar da ta sha rana da ƙura ba a rasa datti ko ruwa a gindinta. Tsohuwar Peugeot ta kan haɗiye wannan ta wuce. Motar yanzu tana fesa mai ta ƙananan ramuka, datti kaɗan ya isa ya toshe su. In dole ne a sha na jarka, a tace da tsumma mai tsabta, kada a juye na ƙasan. Motocin gazuwal da yawa suna da fitilar da ke nuna ruwa ya taru a matatar mai. In ta kama, a kwance ɗan famfon da ke ƙasan matatar a zubar da ruwan.

Abin da mai mota zai iya da hannunsa

Kafin a nufi birni, a fara da batir. Kawunansa biyu ne, mai alamar ƙari da mai alamar ragi. A girgiza su da hannu. In suna motsi a ɗaure. In farin gari ko kore ya taru a kansu, a kashe mota, a cire wayar ragi da farko, sa'an nan ta ƙari. A wanke da ruwan kanwa mai ɗumi, amma kada ya shiga cikin batir. A goge, a maida ta ƙari da farko. A bi baƙar wayar nan har inda aka ɗaure ta a jikin mota. In wurin ya yi tsatsa, fitilu su kan yi ta kamawa ba dalili. Wannan ƙaramin aiki ya sha tayar da motar da aka ce ta mutu.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Mai gyaran wuta yana da ɗan agogon awo. In mota tana kashe, batir mai lafiya ya kan nuna 12,6 ko kusa da haka. In tana aiki, ya kamata ya hau wajen 14. In bai hau ba, dinamo ba ya cikawa. Mai mota ya tsaya a yi awon a gabansa, ya karanta lambar da idonsa.

Sai fiyus. Ƴan ƙananan abubuwa ne masu launi, jere cikin akwati. Kowane da lambarsa a baya: ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Aikin fiyus shi ne ya ƙone don kada waya ta ƙone. In ya mutu, a sa mai lamba irin tasa. In sabon ya sake mutuwa nan da nan, akwai wayar da ta sale tana taɓa ƙarfe, a neme ta. Masu naɗa takardar kwalin taba ko guntun waya a madadin fiyus, su ke sa mota ta kama wuta da kaya a kanta.

Akwai dabarun da suka yi amfani a zamanin 404, amma yanzu ɓarna suke yi. Babbar cikinsu ita ce cire kan batir inji yana aiki, wai a ga ko dinamo yana da rai. Wutar da ke tashi a lokacin tana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota. Haka yin walda a jikin mota ba a cire batir ba. Haka juya wayoyi in ana aron wuta daga wata mota: ƙari da ƙari ake haɗawa. Motar da ke canja giya da kanta kuwa, ko samarin gari duka sun tura ta ba za ta tashi ba.

Na'urar da ke tambayar mota

In an duba waɗannan duka fitila ba ta mutu ba, sai a je wurin mai na'ura. Tun 1996 dokar Amurka ta ce kowace ƙaramar mota sabuwa ta zo da wata kafa ta bincike. Ƙasashen Turai sun bi baya a 2001 ga motocin esansi. Kafar tana da ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari take. Ana soka na'ura a ciki, ƙwaƙwalwa ta faɗi abin da ta gani da harafi ɗaya da lambobi huɗu. Misali P0301 na nufin wuta ba ta kamawa daidai a tukunyar inji ta farko.

Nan ma karatu yana da rana. Mai mota ya rubuta lambar a littafinsa, da ranar da aka gan ta. Na'ura wurin ciwo take nunawa, ba ta cewa ga abin da za a saya. Lambar nan ta sama, fulogi na iya jawo ta, waya na iya jawo ta, datti a mai na iya jawo ta. Bakanike na ƙwarai zai bi su ɗaya ɗaya, ya fara da mai araha. Wani kuwa zai danna na'ura ya goge lambar, fitila ta mutu, ya karɓi kuɗi. Kafin a kai Takeita ta dawo. Wanda ya rubuta lambar yana da abin nunawa in ya koma.

Ranar sayen mota

Bayan kaka mai kyau, wani ya kan sayar da bijimai, ko ƴan ƙungiya su haɗa kuɗi, a sayi motar ɗaukar kaya. Ana duba taya, ana duba fenti, ana jin kukan inji. Tablo ba a cika dubawa ba, kuma a nan ake cutar mutane, domin wani mai sayarwa ya kan cire ƙwan fitilar da ke tona asirin motar.

Gane wannan ba shi da wuya. A murɗa makulli rabi, kada a tayar da inji. Duk fitilun gargaɗi za su kama tare, mota tana gwada su ke nan. Mai saye ya nemi butar shayi, ya nemi batir, ya nemi hoton inji, ya nemi ta birki. Sa'an nan a tayar. Cikin ɗan lokaci su mutu duka, sai ta birkin hannu in ba a sauke shi ba. Wadda ta rage tana ci, akwai ciwo a wurin, a rage kuɗi ko a gyara kafin a biya. Wadda kuwa ba ta kama ba tun farko, ko ƙwanta ya mutu ko an cire shi. A sa mai sayarwa ya buɗe tablon a gaban shaidu kafin kuɗi su bar aljihu.