Jirgin cikin gari: abin da direban Tambuwal ke tararwa a Agege

A duk faɗin jihar Sakkwato babu layin dogo. Wanda ya fi kusa ya tsaya ne a Ƙauran Namoda tun 1929. Amma duk da haka akwai mutanen Tambuwal da Kebbe da aikin jirgin ƙasa ya taɓa aljihunsu kai tsaye, wato direbobin manyan motocin da ke lodin shanu da albasa su nufi kudu. Su bi ta Jega, Yawuri, Kontagora, su tsallake kogin Kwara a Jebba, su ci tafiyar kusan kilomita 1,000, sannan su tarar da mafi wuyar hanyar a bakin ƙofar Legas.

Mai shanu yakan sauke a mayankar Oko-Oba da ke Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango. Dogo ya tsaga Agege gida biyu tun zamanin Turawa, kuma a kan hanyarsa ne gwamnatin Legas ta ɗora jirginta na cikin gari mai suna Jan Layi. Tsawonsa kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo. Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban shekarar.

Matsalar tana wurin da kwalta ta ratsa dogo. Tayar mota roba ce, tana kama titi, direba na taka birki ta tsaya nan kusa. Ƙafar jirgi kuwa ƙarfe ce a kan ƙarfe, santsi ya yi yawa, ga nauyin taragu na tunkuɗa shi ta baya. In yana cikin gudu sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce. Shi ya sa kowace ƙasa ta ba jirgi hanya, mota ce ke jira. Lokacin da jirgi ke wucewa jefi-jefi ana iya haƙuri da mai ɗaga jar tuta. To ina ga jirgin cikin gari, wanda amfaninsa ke nan ya riƙa zirga-zirga safe da yamma? In ana tare hanya duk bayan 'yan mintoci, titin ya mutu.

Legas ta ga abin da ido ranar 9 ga Maris ɗin 2023. Jirgi ya yi awon gaba da wata bas ɗin ma'aikatan jihar a mahaɗar PWD da ke Ikeja, ya ja ta a kan dogo, mutum shida suka rasa rayukansu, wasu da dama suka jikkata. Hukumomi sun ce an tsayar da direban, bai tsaya ba.

Maganin shi ne a raba su, mota ta bi sama, jirgi ya bi ƙasa. Aka gina gadojin sama a Yaba, Oyingbo, Ikeja da Mushin, aka fara buɗe su daga ƙarshen 2023. Ita Agege ta riga su da gadar Pen Cinema mai tsawon kilomita 1.4, wadda aka soma a 2017, ba a buɗe ta ba sai Maris ɗin 2021. Waɗannan shekarun aikin su ne ba a cika ambata ba ranar yanka kirtani. An killace rabin titi da kwano, an karkatar da motoci cikin lungunan da ba a yi su don tirela ba, damina ta mai da ramukan ginshiƙai tafkuna. Ɗan danfo da ke yin sawu da yawa a yini sai ya koma kaɗan, alhali balas ɗin mai mota da kuɗin 'yan kamasho ba su ragu ba. Direban shanu kuwa asararsa mai rai ce. Dabbar da ta kwana biyu a tsaye cikin mota ba ta jure ƙarin awanni a cunkoso da rana tsaka, wata ta durƙushe, sai yaron mota ya nemi wuƙa kafin ta zama mushe. Albasa ma zafi da matsi ke ruɓar da ita, kuma dillalin kasuwar Mile 12 ba ya biyan kuɗin ruɓaɓɓiya.

Ɗaya jirgin cikin garin Legas, mai suna Shuɗin Layi, ya fi wannan jan ƙafa. An fara shi a 2009 a tsakiyar babbar hanyar Legas zuwa Badagry, amma kashin farko mai kilomita 13, daga Marina zuwa Mile 2, bai ɗauki fasinja ba sai 4 ga Satumban 2023. Yaron da aka haifa ranar da aka fara tono ya kai sakandare kafin ya hau jirgin. Da lantarki yake aiki, kuma wutar a dogon take, don haka dole aka katange shi. Mai tsallaka titi sai ya nemi gadar ƙafa, direba sai ya yi nisa kafin ya sami wurin juyawa. Mutanen Addis Ababa, babban birnin Habasha, sun sha irin wannan tun da aka buɗe nasu jirgin a 2015, inda shinge ya raba shagunan hannun dama da masu sayayya na hannun hagu.

Ba a ce jirgin ba shi da amfani ba. Tarago ɗaya na kwashe mutanen da sai motoci masu yawa su ɗauka, kuma kowane fasinja da ya bar titi sarari ne ga tirelar da ba ta da wata hanya. Sai dai ribar tana zuwa ne in an gama aikin, jirgin kuma ya ci gaba da tafiya. Na Abuja an buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024, kuma tashoshinsa da dama suna nesa da unguwannin da jama'a ke zaune.

A Arewa, Kano ce ta daɗe tana maganar. A 2016 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sanar da yarjejeniyar dala biliyan 1.85 da wani kamfanin ƙasar Sin, har ta sauka ba a shimfiɗa dogon ba. Amma Kanawa sun ɗanɗana abin da rufe mahaɗa ɗaya ke jawowa a aikin gadojin Tal'udu da Ɗan Agundi, inda masu Adaidaita Sahu suka koma bin lunguna, fasinja ya biya ƙarin kuɗin zagaye. Jirgi kuwa mahaɗu da yawa zai taɓa a lokaci guda.

Duk gwamnatin da za ta tona titi don jirgi, a Kano ko wani gari, wajibi ne ta gyara hanyoyin ratse tukuna, ta yi aikin kashi-kashi, ta sa ranar gamawa a allo inda kowa zai gani. Ƙungiyoyin direbobi da na fataken dabbobi da albasa su nemi a zauna da su tun ana zanen taswira, kafin katafila ta shigo.